Handel ya rasu tun 1759, to takardar da muka sauke ta wa ce?

Ishaya: Salama a gare ku duka, iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Kwayarmu ta ɗaura niyyar bana za ta rera kashin farko na Messiah, doguwar waƙar kwaya ta Handel, mai tsara kiɗan nan na Turai, a daren waƙoƙin Kirsimeti, mu rufe da Halleluya. Mu arba'in da shida ne, kuma ba mai cin abinci da waƙa a cikinmu: malaman makaranta ne, da teloli, da nas biyu, sai 'yan makaranta. Littafi ɗaya tal muke da shi, wanda wani dattijo ya kawo daga Legas shekarun baya, bangonsa ma ya rabu da shi. Jiya ƙanena ya shiga IMSLP, rumbun takardun kiɗa na kyauta a intanet, ya sauke mini fayil har huɗu, duk Messiah, amma ba wanda shafinsa ya zo daidai da na ɗan'uwansa. Tambayata biyu ce. Ya halatta mu buga mu raba wa mutane, tunda za mu sayar da katin shiga don gyaran rufin majami'a? Sannan wanne zan ɗauka cikin huɗun?

Ɗanjuma: Haba Malam Ishaya! Mutumin da ya kwanta dama tun 1759? Wa zai taso daga Landan ya zo Kafanchan neman kuɗinsa? Buga abinka kawai.

Talatu: Ni abin da ya ba ni tsoro ma shi ne arba'in da shidan nan. Wa zai biya kuɗin fotokwafi?

Barista Hauwa: Ƙanena Ɗanjuma, rabin maganarka gaskiya ce, amma a ɗaya rabin ne mutane suke faɗawa rami. Handel kansa ba shi da sauran haƙƙi a kan kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba marubuci ko mai tsara kiɗa kariya tsawon ransa da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Handel ya wuce wannan wa'adi nesa ba kusa ba. Charles Jennens da ya harhaɗa masa kalmomin daga Littafi Mai Tsarki shi ma ya rasu a 1773. Saboda haka waƙar ta zama ta kowa: a rera, a sayar da kati, a ɗauka a waya, ba mai cewa uffan.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba rubutun hannun Handel ke cikin wayar Malam Ishaya ba. Bugu ne da wani ya zauna ya shirya, ya gyara kurakurai, ya rubuta abin da mai ogan zai kaɗa, ya sa alamun inda za a ɗaga murya da inda za a sassauta. Wannan mutumin ma yana da nasa haƙƙin. Malam Ishaya, buɗe shafin farko na kowane fayil ka faɗa mana sunan wanda ya shirya bugun da shekarar da aka buga. Shi ma tsohon littafin nan naku, duba ko sunan ya tsira.

Ishaya: Na gode Barista. Biyu suna ɗauke da sunan Ebenezer Prout, 1902. Ɗaya da Jamusanci ne, an rubuta Chrysander. Na huɗun ba suna, kamar da kwamfuta aka buga shi. Littafinmu kuwa Watkins Shaw ne a shafin ciki.

Barista Hauwa: Madalla. Prout ya rasu a 1909, Chrysander a 1901, duk sun fita daga wa'adi. Amma Watkins Shaw, wanda bugunsa ya fara fitowa a 1959, sai a 1996 ya rasu. Lissafa da kanka: 1996 da 70. Wato littafin da kake ganin ya fi kowanne tsufa, mai yagaggen bango, shi ne wanda bai kamata ka kai wa mai fotokwafi ba. Wanda ƙanenka ya sauke jiya kuwa, shi ne halal ɗinka.

Ɗanjuma: To ni dai Anti, da girmanki, wannan ai neman wahala ne. Do-re-mi ɗin Handel ne a cikin duka biyun. Don mutum ya ƙara ɗigo biyu da wakafi sai waƙa ta zama tasa? Kuma mu ba kasuwanci muke yi ba, aikin Allah ne.

Barista Hauwa: Wannan gardamar taka an riga an kai ta gaban alƙali a Ingila. Wani masani mai suna Lionel Sawkins ya shirya sabon bugu na kiɗan Lalande, Bafaranshen da ya rasu a 1726. Kamfanin faifai na Hyperion ya yi amfani da bugun, ya ce kiɗan ai na mamaci ne, ba zai biya haƙƙin mallaka ba. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce aikin da Sawkins ya zuba ya isa ya ba shi haƙƙi, kamfanin ya sha kaye. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma lauyoyinmu suna kawo irinsa a kotu kuma ana saurara. Najeriya kuma ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, don haka kasancewar mutum Bature bai cire masa kariya a nan ba. Ban ce gobe za a turo muku sammaci ba. Na dai ce ga wanda ba rigima a kansa, kyauta, me zai kai mutum ga mai rigima?

Mama Saratu: Ɗanjuma ɗana, kai ne ka ce aikin Allah ne. To a aikin Allah ne za mu ɗauki gumin wani ba da saninsa ba, mu hau bagade mu rera Halleluya a kai? Ni a zumuntar mata ko waƙar wata ƙungiya za mu ara, sai mun aika an gaya musu. Ba don tsoron kotu ba.

Ɗanjuma: Mama na ji, na yi shiru. Amma fa zuciyata ba ta gamsu ba.

Luka Mai Kibod: Bari in shigo ta ɓangaren da ya shafe ni, don ni ne wanda yatsunsa za su ji a jikinsu. Kada a ɗauka tunda Prout halal ne shi ke nan an huta. Akwai dalilin da ya sa masana suka sake zama suka yi sabon bugu. Zamanin Prout, a Ingila ana rera Messiah da ɗaruruwan mawaƙa, wani lokaci dubbai, a hankali, da nauyi kamar ana jan amalanke. Ya bi sawun Mozart, wanda tun 1789 ya ƙara wa waƙar kayan busa da Handel bai rubuta ba. Shi kuwa Handel da ƙaramar ƙungiya ya fara gabatar da ita a Dublin a watan Afrilu na 1742. In ka bi alamun Prout sau da ƙafa, waƙar nan ta littafin annabi Ishaya 9:6 da ya kamata ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya sai ta koma tafiyar raƙumi.

Shawarata ita ce a ɗauki Prout don muryoyi huɗun, amma kwayamasta ya riƙe fensir. Ya saurari yadda ƙungiyoyi daban-daban suke rerawa, ya yanke nasa saurin, ya faɗa wa mutanensa su rubuta a takardunsu. Abin daɗin tsohon bugu ke nan, ba wanda zai hana ka taɓa shi.

Na Chrysander kuwa, Malam Ishaya, ka ajiye shi don karatunka kai kaɗai. Cikakken tsari ne mai layin kowane abin kiɗa, shafi ɗaya gaɓoɓi kaɗan yake ɗauka. Ka kuma duba alamar da ke farkon layin sofrano da alto da teno. Tsofaffin bugun Jamus da yawa suna amfani da wata alama da 'yan kwayarmu ba su saba da ita ba, wadda ke matsar da mazaunin do. Ka miƙa wa 'yar alto wannan, za ta karanta da ƙarfin zuciyarta kuma duk abin da ta rera kuskure ne.

Ishaya: Wallahi haka ne, yanzu na duba. Alamar ta yi kama da wata K mai ƙahoni. Da na kashe kuɗi a banza.

Baba Yakubu: 'Ya'yana, ina ta karanta ku ina murmushi. Mu da muka koyi Halleluya ba mu taɓa ganin waɗannan ƙwallaye masu sanda a kan layi biyar ba. Solfa muka sani. Malaminmu yana da littafi ɗaya, shi ma aro ne. Sai ya rubuta a allo da alli, d, r, m, da ɗigo-ɗigonsu, kowa ya kwafa a littafinsa na makaranta da hasken aci-bal-bal. Daga baya aka sami injin stensil, mai juyawa da hannu, tawada ta ɓata maka riga. In mai bugawa ya yi kuskure a layin bas, to shekara goma ana rera kuskuren nan a gunduma guda, har ya zama kamar haka aka saukar da shi. Na taɓa zuwa taron kwayoyi inda ƙungiya biyu suka kusa ba hammata iska a kan wata gaɓa guda, kowa na rantsuwa nasa ne daidai, ashe duka biyun ba su dace ba.

Tambayata gare ka Ishaya: cikin arba'in da shidan nan, mutum nawa ne ke karanta layi biyar? Kada ka tara musu takarda su riƙe don ado.

Ishaya: Baba, in na faɗi gaskiya, ba su wuce bakwai ba. Sauran solfa ne, wasu ma da kunne suke kamawa.

Baba Yakubu: To ka ga aikinka. Turawan ma ai sun buga Messiah da solfa tun da daɗewa, don talakawan majami'unsu da haka suka koya. Wani fasto ne, John Curwen, ya yaɗa tsarin a ƙarni na 19, daga aikin wata malama Sarah Glover, 'yan mishan suka kawo mana. In ba ka sami tsohon bugun solfa ba, zauna kai da Luka ku juya da kanku daga na Prout. Amma mutum biyu, ɗaya na rubutu ɗaya na bi da kibod. Kada a maimaita irin tamu.

Talatu: Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar kuɗi. Littafin nan shafinsa ya kai wajen ɗari biyu. Sau arba'in da shida fa?

Luka Mai Kibod: Yaya Talatu, ba duka za a buga ba. A kashin farko waƙoƙin da kwaya gaba ɗaya ke rerawa shida ne, ga Halleluya ta bakwai, ita ma daga ƙarshen kashi na biyu ake ɗauko ta. Sauran na masu rerawa su kaɗai ne, su kawai za a buga wa nasu. In kuma an juya zuwa solfa, abin da ya ci shafi takwas zai iya komawa uku. Amma a gwada buga shafi ɗaya tukuna a gani. Wasu fayilolin hoton tsohuwar takarda ne da ta yi ja, a waya tana da kyau, a firinta sai ta fito baƙi ƙirin ta shanye tawada. A nemi wanda aka ɗauka fari da baƙi.

Talatu: Wasu sun ce a bar kowa ya karanta a wayarsa.

Mama Saratu: A'a! Mun gwada. Ana tsakiyar waƙa wayar wata ta yi ƙara, mijinta ne ke tambayar inda aka ajiye makullin shago. Ga masu tabarau ba sa ganin komai. Waya don koyo a gida, takarda don ranar.

Rifkatu: Gaisuwa daga Manchesta. Ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar masu wasan waƙa na sha'awa a nan, kuma kuskuren da muka taɓa yi shi nake so Malam Ishaya ya guje wa. Mun bar kowa ya sauke nasa. Ranar koyo mai koyarwa ya ce a koma shafi na 40, sai ga mutum talatin a wuri biyar daban-daban. Rabin lokacin ya tafi a neman wuri. Ka zaɓi fayil ɗaya, ka sa wa gaɓoɓin lamba da hannunka kafin a kai wurin bugawa, ka hana kowa zuwa da wani. Fayilolin Prout ɗinka biyu ma ka gwada su da juna, don an sake buga shi sau da yawa.

Abu na biyu, don masu shirin yin wasan kwaikwayo mai waƙa: a duba mai kalmomi, ba mai kiɗa kaɗai ba. A nan misalin da kowa ke bayarwa shi ne Gilbert da Sullivan. Sullivan mai kiɗan ya rasu a 1900, Gilbert mai kalmomin sai 1911. A lokacin wa'adin Ingila shekara 50 ne, don haka kiɗan ya riga kalmomin fita, sai ƙarshen 1961 ƙananan ƙungiyoyi suka sami sakewa su yi wasannin yadda suka ga dama ba tare da neman izinin kamfanin D'Oyly Carte mai riƙe da haƙƙinsu ba.

Ishaya: Wannan ya kawo ni kan wani abu. Dattawa sun roƙa a rera ko da biyu da Hausa.

Barista Hauwa: Kuna da 'yancin fassarawa, tunda asalin na kowa ne, kuma fassarar da kuka yi da kanku taku ce. Abin lura shi ne in za ku kwashe ayoyi kai tsaye daga wata fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamani ku buga, ita ma tana da masu ita, a karanta abin da suka rubuta a shafin farko game da izini. In kuma wata kwaya ce ta riga ta yi tata fassarar waƙar, a bi hanyar Mama Saratu.

Baba Yakubu: Da wuya ma ayar ta zauna a kan kiɗan yadda take. Turanci gajerun kalmomi gare shi, Hausa kuwa tana son wuri. Sai an sassaƙa. Kuma a kula da karin harshe, kada kiɗa ya ja kalma sama inda Bahaushe ke sauke ta, ma'ana ta juye, jama'a su kama dariya a cikin sujada.

Malam Sani: Ku gafarce ni in ɗan karkata, ni ba ɗan kwaya ba ne, wasan kwaikwayo nake koyarwa a sakandare. Wannan ƙa'ida ta shekara 70 ta hau kan namu mawaƙan? Yara suna so su sa waƙar Shata a wasan ƙarshen zango, kuma na ga kowa na ɗaukarta kamar ruwan rijiyar unguwa.

Barista Hauwa: Ta hau, Malam. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, wa'adinsu da sauran nisa, kuma haƙƙin yana bin magada. Abin takaicin ke nan: muna taka-tsantsan da Baturen da ya shekara fiye da 260 a kabari, namu na jiya kuwa muna wawushe su. Dokar ta yi sassauci ga wasu abubuwan da ake yi don koyarwa, amma da zarar an fara sayar da kati ko an ɗora a intanet don samun kuɗi, magana ta canza. Waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba ma dokar ta ware musu babi, ta ɗora wa hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa kula da yadda ake kasuwanci da su. Ka same ni ta gefe mu duba naka.

Ɗanjuma: To Anti, tunda IMSLP ɗin sun ɗora abu, ba shi ke nan an tantance ba? Su ai sun fi mu sanin doka.

Barista Hauwa: Sun tantance da ma'aunin inda suke. Wani ɗalibin kiɗa, Edward Guo, ya kafa shi a 2006, aka ajiye shi a Kanada, inda wa'adin a lokacin shekara 50 ne. A watan Oktoba na 2007 kamfanin Universal Edition na Biyana ya aika musu takardar gargaɗi, saboda akwai ayyukan da suka fita a Kanada amma ba su fita a Turai ba. Sai da aka rufe rumbun gaba ɗaya, bai dawo ba sai tsakiyar 2008. Kanada ma ta koma 70 a ƙarshen 2022, sai dai abin da ya riga ya fita ba a mayar da shi ba. Amurka kuwa ga tsofaffin ayyuka shekara 95 take ƙirgawa daga ranar bugawa. Shi ya sa za ka ga suna sa alamar gargaɗi a gefen wasu fayiloli, ta Kanada da Amurka da Tarayyar Turai. Ba za ka ga ta Najeriya ba. Namu lissafin mu za mu yi: yaushe mai kiɗa ya rasu, yaushe mai kalmomi, yaushe mai shirya bugu.

Luka Mai Kibod: Fayil na huɗun nan marar suna, ina zargin irin waɗanda masu sa kai suke sake bugawa da kwamfuta ne. Akwai su da yawa a CPDL, rumbun waƙoƙin kwaya da aka fara tun 1998. Suna fita tsaf a firinta, kuma wasu suna zuwa da fayil ɗin da za ka buɗe a manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore ka ji kowace murya ita kaɗai, ka tura wa 'yan teno su yi ta saurare a kan babur. Amma mai sa kai ɗan Adam ne, yana kuskure. A bi shi gaɓa-gaɓa da na Prout. A kuma koma inda aka sauke shi a karanta sharaɗin da mai shi ya gindaya, yawanci dai a bar sunansa a jiki ne.

Sai maganar ki, wato matakin sautin da aka ɗora waƙa a kai. Halleluya a D take, sofrano da teno suna taɓo A ta sama. In matanku suna ƙoƙewa a wurin, sauke ta da rabin mataki ba zunubi ba ne, masu kaɗa ta da kayan zamanin Handel ma ƙasa da namu suke ɗaure kayansu da kusan haka. In kuma za ku gayyato masu ƙaho na Boys' Brigade, ku sani ƙahon Handel na D ne, nasu na B-flat. Sai an sake rubuta musu layinsu, in ba haka ba za ku ji abin da ba ku taɓa ji ba.

Talatu: Mu bara da muka ɗora bidiyon namu a intanet, shafin ya kashe sautin ya ce wai na wani kamfani ne. Mu da muka rera da bakinmu!

Barista Hauwa: Na'ura ce ke kwatanta sauti, ta ji ya yi kama da faifan wani. Faifai yana da nasa haƙƙin dabam da na waƙa, a dokarmu shekara 50 ne. In ku kuka rera, kuka kaɗa, ku shigar da ƙorafi ta hanyar da suka tanada, ku rubuta sunan Handel da shekarar rasuwarsa da bugun da kuka yi amfani da shi. Amma in kun ɗora muryarku a kan kiɗan da kuka ciro daga faifan wasu, to su ke da gaskiya. Malam Ishaya, ka sa waɗannan bayanan a takardar shirin ranar ma, layi biyu ne.

Talatu: Af. To mu kam kiɗan daga intanet muka ciro, ranar mai kibod ɗinmu ya yi tafiya.

Ɗanjuma: Yaya Talatu ta tona kanta da kanta!

Ishaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda na tsaya: Prout, fayil na biyu don ya fi haske. Littafin Shaw zai zauna a wurina don dubawa, ba zai je shagon fotokwafi ba. Ni da Luka za mu fara juya waƙoƙi bakwai ɗin zuwa solfa ranar Asabar bayan koyon waƙa. Baba Yakubu, in mun gama ta farko zan turo maka ka duba mana layin bas.

Baba Yakubu: Turo, amma da manyan baƙaƙe, idon ya yi nisa. Kuma a buga mini a takarda a ba direban da ke zuwa Kagoro, ni ba na iya buɗe waɗannan fayilolin naku.

Rifkatu: In kun gama solfar ku ɗora ta inda wasu kwayoyin za su samu, da sunanku a jiki.

Luka Mai Kibod: Sai Baba ya gama dubawa tukuna. Malam Ishaya, ka taho da fensir da abin gogewa, da man janareta ko lita biyu ne.